Sati shida muna ɓoye wa yaro ganye a abinci, har ranar da asiri ya tonu

Gidan ƙanwata ne a Kano, can wajen Hotoro, kuma sai da na nemi izininta kafin in rubuta wannan, sharaɗinta ɗaya ne kawai, kar in kama sunan kowa. Yaranta uku a lokacin, na huɗun yana ciki. Ta fari mace ce 'yar shekara tara, wadda dama ita uwar ba ta kama sunanta saboda alkunya, sai na tsakiya namiji ɗan shekara shida, shi ne gogan da duk labarin nan yake kansa, sai Auta mai shekara uku wadda a lokacin ta kusa sauka daga kujerar autancin. Ni kuma na je gidan ne cikin watan Satumba da niyyar sati biyu, saboda jininta ya hau likita ya ce ta kwanta ta huta, sati biyun nan sai da ya koma wata huɗu da 'yan kwanaki, kicin ɗin gidan ya dawo hannuna gaba ɗaya.

Abincin da gogan yake ci ba sai ka haɗa da yatsun ƙafa wajen ƙirgawa ba. Indomie, farar shinkafa da mai da yaji amma ban da wake, taliya da jar miya, burodi da shayi, soyayyen dankali, awara, ɗanwake, sai tuwo idan miyar kuka ce. Shikenan. Ko ɗigon kore ya hango a faranti sai ya ture ya ce shi ba akuya ba ne da za a ba shi ciyawa. Albasa kuwa ko ta narke a miya sai ya nemo ta, zai zauna da cokali yana tsince-tsince yana jerawa a bakin faranti kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa 'yar gida, kafin ya gama abincin ya huce, sai kuma ya ce ya yi sanyi ba zai ci ba. Abin da ya fi ci wa uwar rai shi ne Auta ta fara kwaikwayonsa, yarinyar da a da take sa hannu a kwaɗon zogale ta cinye tas, yanzu ita ma ta iya yatsina fuska tana cewa "ciyawa".

Da tsirfar ce kaɗai da an bar shi da halinsa. Amma yaron sai ya yi kwana uku huɗu bai zaga ba, in ya shiga banɗaki kuma kuka da nishi, har ya fara tsoron shiga yana riƙewa, riƙewar kuma ita ke ƙara taurara abin. Hajiya, kakarsu ta wajen uba, ta ce basir ne a nemo jiƙo. Abbansu dai ya kai shi asibiti, aka duba shi, aka ba shi magani na 'yan kwanaki, likitan ya ce maganin ba shi ne zai raba shi da abin ba, ruwa ne bai isa ba, kuma abincinsa duk fulawa ne da farar shinkafa, a dage da ganye da wake da 'ya'yan itatuwa. Faɗa da baki ai sauƙi gare shi. Shi likita ya faɗa ya kira na gaba, mu ne za mu koma gida mu zauna da yaron da ya rantse shi ba akuya ba ne.

Kafin zuwana babu abin da ba a gwada ba. An yi tsawa, an nuna bulala, an yi "in ba ka cinye ba babu kallon katun", an yi cin hanci da alewa. Sau ɗaya ma wata 'yar uwa da ta zo ta ce a kama shi a yi masa ɗura kamar yadda aka yi mana da kunu muna yara, aka kuwa gwada, yaron ya kelaya amai a tsakar falo kuma tun daga ranar ko warin alayyahu ya ji sai ya fara yunƙurin amai. Ɗura fa ba abin wasa ba ce, yaro yana kuka ana tura masa abinci zai iya sarƙewa abin ya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu, ana rasa yara ta haka. Wannan kam tun ranar farko na ce ba da ni ba.

Abin da na fara yi ba girki ba ne, rubutu ne. Na samu tsohon littafin makarantar yayarsu na yi kwana uku ina rubuta duk abin da ya shiga bakin yaron nan tun asuba har ya kwanta. Da na karanta wa ƙanwata sai da ta riƙe baki. Da safe shayi da burodi. A makaranta biskit da lemon kwali, abincin kula yakan dawo da rabi. Ana tashi direban adaidaitan da ke ɗauko su ya tsaya gun mai shago, cincin ko alewa. Ƙarfe biyu ya ɗan taɓa abincin rana. Ƙarfe huɗu islamiyya da kuɗin awara a aljihu. Magariba ya dawo ya buɗe firij ya sha zoɓo ko yogot. To da wane cikin zai ci tuwon dare? Yaron nan bai san yunwa ba, bai taɓa zama gaban abinci yana jin yunwar da za ta sa ya yi wa ganye uzuri ba. Na ga wannan da idona a rubuce amma wallahi ban ba shi muhimmanci ba a lokacin, hankalina ya tafi kan dabarar ɓoyewa saboda ita ce ta fi daɗin yi, kuma ita ce ba ta buƙatar rigima da kowa.

Dabarar ma a ɗanwake na same ta. Ina kwaɓawa ran nan, garin rogo da na wake, na zuba kuka na zuba ruwan kanwa, sai na tsaya ina kallon kwanon. Kuka fa ganye ce, ganyen bishiyar kuka ne aka shanya aka daka aka tankaɗe. Yaron da ba ya cin ciyawa yana cinye ɗanwake faranti guda, yana shan miyar kuka har da suɗe hannu, don kawai bai taɓa ganin ta tana ganye ba. Ashe iyayenmu sun daɗe da wannan ilimin ba tare da sun sa masa suna ba, kuka a daka, kuɓewa a busar a daka, karkashi a daka, kabewa a dafa ta narke a miyar taushe. Matsalar gogan ba ɗanɗano ba ce sosai, ido ne, da kuma jin abu yana masa yawo a baki.

Na fara da jar miya tunda kusan kullum sai an yi ta. Lokacin kaka ne, kabewa ta cika kasuwa tana araha, tumatir kuma bai gama saukowa daga tsadar damina ba. Sai in fere kabewa yanka biyu, in kankare karas uku, in dafa su da ruwa kaɗan har su yi laushi, in juye su har da ruwan dahuwar cikin kayan miya, tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, a markaɗa su tare. Ruwan nan kar a zubar, wani abin amfanin ya riga ya fita ya koma cikinsa. In akwai wuta bilenda, in babu a aika injin markaɗe, kuma na gane na inji ya fi laushi, babu ɗan gutsuren da zai tona mana asiri. Sai a soya kamar yadda aka saba. Miyar ta fito da kauri, kalarta ta ɗan yi hasken lemu amma ba yadda yaro zai lura ba, kuma zaƙin karas da kabewa ya kashe tsamin tumatir, ban ƙara sa kanwa ko bekin foda don kashe tsami ba. Wannan ma riba ce, domin kanwa tana lalata bitamin C da wasu daga cikin bitamin B, mu kuma mun saba jefa ta a komai don ganye ya yi laushi da wuri. Man da ake soya miyar da shi kuma shi ne abokin tafiyar karas da kabewa, sinadarin da ke ba su kalar nan wanda jiki ke mayarwa bitamin A sai da maiƙo yake shiga jiki sosai.

Ranar farko na zuba masa a kan taliya na koma gefe ina yi kamar ina danna waya, zuciyata kuwa dukan uku-uku kamar wadda ta yi sata. Ya cinye. Har ya ce "Umma Babba miyarki ta fi ta Umma daɗi". Na shiga ɗaki na faɗa wa ƙanwata muka dinga dariya ƙasa-ƙasa kamar mun ci gasa.

Daga nan sai na zarme. Alale na markaɗa waken da karas da jan tattasai mai yawa, da manja dama kalarsa ja ce, ya wuce lafiya. Dafa-duka da markaɗen nan, ya wuce. Miyar taushe da ya tsana saboda alayyahun da ke yawo a sama, sai na ɗebi nasa na markaɗe har ganyen, gyaɗar da kabewar suka rufe, ya ci rabi. Ɗanwake na ƙara masa ƙaramin cokali na garin zogale a kan kukar, tunda dama duhu gare shi, bai gane ba. Indomie ma da ruwan markaɗen nake dafa masa maimakon zallan ruwa, in fasa ƙwai a kai.

Waɗanda suka ba ni kunya ma suna da yawa. Ranar da na markaɗa alayyahu a jar miya, ja da kore suka haɗu miyar ta koma kalar taɓo, ko Abbansu da ba ya magana a kan abinci sai da ya tambaya lafiya. Garin zogale a kunun gyaɗa, kunun ya yi kore-kore ga ɗan ɗaci, Auta ma ta tofar. Kabeji ko an markaɗe shi warinsa na nan, hancin yaron ya kama tun daga ƙofa. Na kuma yi wayon dafa markaɗen sati guda in ƙulla a leda in sa a firiza, aka ɗauke wuta kwana biyu, duk ya yi tsami na zubar ina jin haushin kuɗin. A ƙarshe dokar da na tsaya a kai ita ce kala ta bi kala. Karas, kabewa, jan tattasai su tafi abinci mai ja. Zogale da sauran kore su tafi inda dama akwai duhu, ɗanwake da miyar kuka. Kuma kaɗan-kaɗan, ranar da ka yi zari ranar za a kama ka.

Ba mu kaɗai muka taɓa wannan tunanin ba. A 2011 masu bincike a Jami'ar Penn State da ke Amurka sun gwada shi a kan yara 'yan naziri, suka markaɗa kayan lambu suka zuba cikin abincin da yaran suka saba ci, yaran suka ci abinsu kamar kullum, kuma adadin kayan lambun da ya shiga cikinsu a yini ya ƙaru sosai. Wato dabarar tana aiki, ba tatsuniya ba ce. Amma akwai lissafin da ya sanyaya min gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2023 ta ce yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 ya samu aƙalla giram 250 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ɗan 6 zuwa 9 giram 350, daga shekara 10 zuwa sama giram 400, kuma dankali da rogo ba sa cikin lissafin. Sai na aro sikelin maƙociyarmu mai yin kek na auna abin da nake ɓoyewa. Karas ukun nan da kabewa yanka biyu duka-duka wajen rabin kilo ne. Tukunyar kuma mutum bakwai ke ci, har da yarinyar da ke taya mu aiki, kuma sau biyu ake cin ta, rana da dare. Raba rabin kilo gida goma sha huɗu ka gani, kowane zubi bai wuce giram talatin da 'yan kai ba, shi kuma gogan ba ya ma son miya da yawa. Ko an haɗa da tumatir da tattasan da ke ciki, ina 350 ina abin da yake samu? Duk murnar da nake yi ashe cokali biyu uku nake tura masa. Ya fi babu, amma ba zai kai mu gaci ba, kuma babban abin shi ne yaron har ranar bai san yana cin karas ba, in ka miƙa masa karas a hannu zai ce maka ciyawa ce mai kala.

Muna cikin sati na shida asiri ya tonu, kuma ba ta inda nake tsaro ba. Faɗa suka yi da yayarsa a kan rimot, ya ce mata mai cin ciyawa, ita kuma ta ce "kai da kullum Umma Babba take markaɗa maka kabewa da zogale kana cinyewa kana suɗe hannu". Yaron bai ce komai ba. Washegari da rana ina kicin na juya kawai na gan shi tsaye a bakin ƙofa yana kallon kabewar da nake zubawa a bilenda.

Ba ni ya tunkara ba, uwarsa ya tunkara. Dama akwai ranar da ya ɗan yi shakka ya tambaye ta ko an sa wani abu a miya, ita kuma don ya ci sai ta ce wallahi babu komai. Ya je ya tsaya a kanta tana kwance ya ce "Umma ranar nan fa wallahi kika ce. Malam ya ce wanda ya rantse a kan ƙarya sai ya yi kaffara." Ƙanwata ta ce min ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ni ma jikina ya yi sanyi, don ni na kawo tsarin. Mu muna ganin wayo muke yi masa don lafiyarsa, shi kuma abin da ya gani shi ne manyan gidan nan duka sun haɗa baki sun yi sati shida suna masa ƙarya suna dariya a ɗaki.

Yajin da ya shiga ya fi na farko muni. Jar miya da yake ci lafiya tun kafin in zo ya daina ci kwata-kwata, kusan kwana goma farar taliya da mai kawai. Ɗanwake sai ya fasa shi biyu ya leƙa ciki ya shinshina. Ko ruwan shayi aka miƙa masa sai ya ce me aka sa. Wato mun je neman ƙiba mun samo rama, abinci takwas yake ci da na zo, na mayar da su biyar.

A nan ne na koma kan littafin nan da na yi watsi da shi, kuma na lura da wani abu da ya fi wata guda yana gabana ban gani ba. Kular Abbansu. Shi a falonsa yake cin abinci shi kaɗai, kuma gogan ne ke ɗauko kwanukan in ya gama. Duk ranar da aka yi dafa-duka da kabeji da koren wake, ko aka yanka latas a gefe, farantin Abba yana dawowa da ganyen an ture shi gefe guda a tsanake, daidai yadda ɗan yake yi. Barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni ba zan iya tunkarar mijin ƙanwata da wannan ba, akwai nauyi, sai na bar wa matarsa. Na ji ta daga ɗaki tana cewa "Abban yara, yaron nan fa kai yake kallo, duk abin da ka bari a faranti shi ma ya haramta wa kansa." Ya yi dariya ya ce shi tun yana yaro ba ya son kabeji. Ta ce to ka ga inda aka gado. Da safe da muka gaisa ya ce "Yaya, ashe ni ne mai laifin", na ce a'a ni ban ce ba.

Allah ya saka masa, bai yi girman kai ba. Aka koma cin abincin dare tare, shi da gogan a tire ɗaya kamar yadda aka yi mana tarbiyya a gidajenmu na da, maza kwano ɗaya mata kwano ɗaya, inda in ka tsaya tsince-tsince kafin ka ɗago an cinye. Aka hana tsayawa shago a hanyar makaranta, kuɗin awarar islamiyya ya koma ranar Alhamis kawai, firij kuma bayan la'asar babu mai buɗewa sai don ruwa. Shayi muka raba shi da lokacin cin abinci mai ganye ko wake, saboda ganyen shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini, lemon zaƙi ko tumatir kuma suna taimaka masa, sai muka koma yanka lemo ko gwanda bayan abinci. Kwana ukun farko an sha kuka da birgima, Hajiya ta zo ta tarar ta ce mun takura wa maigidanta, har ta ciro biskit daga jaka, da kyar ƙanwata ta lallaɓa ta ta mayar.

Sai kuma tsarin da wata masaniyar abinci 'yar Amurka mai suna Ellyn Satter ta shahara da shi, wanda a taƙaice yake cewa babba shi ke yanke me za a ci, yaushe, kuma a ina, yaro kuma shi ke yanke ko zai ci da kuma yawan da zai ci. Da farko na ce wannan ai sangarta ce irin ta Turawa. Da muka gwada sai na ga ya fi bulala tsauri, domin babu dafa wa wani indomie daban, abin da aka girka shi ne a tire, a tabbatar dai akwai abu ɗaya a ciki da yake ci, in ya ci ya ci, in bai ci ba babu faɗa babu roƙo, amma kuma babu wani abu sai lokacin ci na gaba. Wahalar tsarin ba a kan yaro take ba, a kan uwa take, ta ga ɗanta ya tashi da rabin ciki ta daure ta yi shiru.

Ni kuma na je na same shi na ba shi haƙuri, abin da ban taɓa zaton zan yi wa ɗan shekara shida ba. Na ce daga yau duk abin da na sa a tukunya in ka tambaya zan faɗa maka. Ban daina sa karas da kabewa a miya ba, miyar gidan kenan yanzu kowa ita yake ci, bambancin kawai ba a ɓoye ba ne. Na ma fara kiransa ya danna min bilenda. Ranar da ya koma cin jar miya, shi ya wanke karas ɗin da hannunsa, ya ci yana cewa ai ba a jin ɗanɗanonsa. Na ce to da ma.

Ƙyamar sabon abinci a wajen yara abu ne sananne, ta fi tsanani tsakanin shekara 2 zuwa 6, kuma harshen yaro ya fi na babba jin ɗaci, abin da kai za ka ji ɗan bauri-bauri a zogale ko yalo shi a bakinsa kamar maɗaci ne. Masu bincike sun nuna yaro kan buƙaci a gabatar masa da abu sau takwas, goma, har sha biyar kafin ya karɓa, mu kuma sau biyu muke gwadawa mu ce ai wane ba ya cin kaza, mu yi ta faɗa a gabansa har ya zama sunansa. Don haka muka fara da marasa ɗaci. Lokacin hunturu ya shigo, kayan noman rani sun fara sauka, Abbansu ya ɗauke shi ranar wata Asabar suka je kasuwar Yankaba, ya ga karas tuli-tuli da ganyensa a jiki, aka ce ya zaɓa da kansa. Ya dawo da karas da kokwamba yana ta labarin wani mai kabeji da ya ba shi kyautar gurji. Na wanke su sosai da ruwan gishiri na kankare bayan, don kayan fadama in za a ci ɗanye sai an yi da gaske wajen wanki, na yanka dogo-dogo na ajiye da dakakken ƙuli-ƙuli mai ɗan yaji a gefe. Ban ce masa ci ba. Abba ya ɗauka ya dangwala yana ci yana kallon labarai. Rana ta farko gogan ya lashe ƙulin ya ajiye karas ɗin. Rana ta huɗu ko ta biyar na ji ƙarar ƙarus-ƙarus daga falo, na leƙa, na dawo kicin ban ce uffan ba don kar in ɓata.

Mun kuma cika wani tsohon buhun siminti da ƙasa da taki muka watsa irin alayyahu a bayan gida, aka ce nasa ne shi zai dinga ban ruwa. Cikin wata guda ya isa yanka. Ya yanka da kansa, ya kai wa Hajiya ɗauri guda tana ta sa masa albarka, aka yi faten tsaki da sauran. Bai ci ba. Ya dai zauna yana gaya wa kowa alayyahunsa ne, yana lura da wanda bai cinye ba. Auta kuwa ta cinye nata ta nemi ƙari, ita dama kwaikwayo ne ya hana ta, da ta ga an daina yayin ƙin ganye sai ta koma halinta na da.

Zuwa Janairu ga inda aka tsaya. Yana cin ɗanyen karas da kokwamba, yana cin wake a shinkafa, yana cin dambu in an yanka zogalen ƙanana sosai, gwanda da lemo kuwa sai an ɓoye don kar ya cinye su duka. Alayyahu a fili, kabeji, yakuwa, da albasar da ido ke gani, har yau babu shiri. Matsalar banɗaki ta tafi, kuma ni a ganina ruwan da ya koma sha da waken da gwandar da rage biskit sun fi markaɗena yin aikin. Nasa mai sauƙi ne tunda yana girma yana wasa lafiya lau. Yaron da yake ramewa, ko ya ɗashe, ko yake ƙwarewa da amai duk lokacin cin abinci, ko abincin da yake karɓa kullum raguwa yake, wannan ba na bilenda ba ne, na asibiti ne.

Ƙanwata ta sauka lafiya, namiji. Ana jibi suna 'yan uwan Abbansu suka zo daga ƙauye da kayan barka, har da buhu guda na busasshen ganyen kuka wanda ba a daka ba. Hajiya ta sa aka baje shi a tabarma a tsakar gida ya ƙara shan rana, mata biyu suka ja turmi suka fara daka. Gogan ya dawo daga makaranta ya tsaya yana kallo, ya ɗauki ganye ɗaya ya juya shi, ya ce Hajiya wannan na awaki ne? Ta ce na maigida ne dai, kukar da kake sha da tuwo kenan. Ya kalli ganyen, ya kalli garin da ke fita daga rariya, ya juyo ya kalle ni don ya san na yi alkawarin ba zan masa ƙarya ba. Na gyaɗa kai.

Ya daɗe a tsaye. Can ya ajiye ganyen a tabarma ya karkaɗe hannu ya ce, "To ai in an daka ta ba ganye ba ce kuma, gari ce." Da daddare ya ci tuwonsa malmala ɗaya da rabi.